Robert Archibald: likitan Khartum da ya fara ba da rahoton sikila daga Afirka

Cutar amosanin jini, wato sikila, ta daɗe a Afirka tun kafin a ƙera madubin likita, amma a littattafan likitanci a Amurka aka fara rubuta ta: a 1910 Dokta James Herrick na Chicago ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu kamar lauje a jikin wani ɗalibi ɗan Grenada. Sai bayan shekara 16 aka samu rahoto daga nahiyar da cutar ta fi yi wa ɓarna, kuma daga Sudan ya fito.

Mai rahoton shi ne Robert George Archibald, wanda aka haifa a 1880. Ya karanta likitanci a Edinburgh, ya shiga sashen likitocin sojan Birtaniya, sannan a 1908 ya kama aiki a ɗakunan binciken Wellcome da ke cikin Kwalejin Gordon a Khartum, ƙarƙashin Andrew Balfour. A 1920 ya zama shugaban wurin.

A 1926 ya wallafa bayanin wani yaro Balarabe na Omdurman mai fama da ƙarancin jini, wanda ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe irin na majinyacin Herrick. Majinyaci ɗaya ne tak. Sai dai a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da kala-azar ke shanye jinin yara, abu mai sauƙi ne likita ya ɗora laifin a kansu ya wuce. Archibald ya tsaya ya duba, abin yabonsa ke nan. Wannan rahoto ne masana suka saba ambata a matsayin na farko daga Afirka.

Bai san yadda ake gadon cutar ba, kuma a lokacin babu wanda ya gama sani. A 1949 ne James Neel ya nuna cewa mai sikila yana karɓar ƙwayar halittar daga uwa da uba duka, a shekarar kuma Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Daga nan lissafin da ake yi wa masu shirin aure ya samo asali: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A 1954, shekara guda bayan rasuwar Archibald, Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa ƙwayar ta yawaita a inda sauro ya yi yawa. Binciken baya ya same ta sosai a tsakanin Misiriyya na yammacin Sudan, da kuma Hausawa da Fulanin da hanyar Makka ta zaunar a bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa unguwannin Khartum.

Sikila ƙaramin yanki ce a aikinsa. Ya yi bincike kan kala-azar, ya haɗa hannu da William Byam suka shirya babban littafin likitancin ƙasashe masu zafi a farkon shekarun 1920, ya kuma bi diddigin ƙwayar cutar da ke baƙanta rassan auduga har cikin irinta. Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne: audugar Gezira ce jarin gwamnatin mulkin mallaka, gonakin da Hausawa da yawa suka yi ƙwadago a cikinsu. An ba shi lambar Sir a 1934. Ya rasu a 1953.

Ɗakunan binciken Stack da ya jagoranta a Khartum ba su samu shugaba ɗan ƙasa ba sai a 1952, lokacin da Mansur Ali Hasib ya karɓe su. Su ne suka zama ɗakin gwajin lafiyar jama'a na ƙasa, wanda mayaƙa suka mamaye a watan Afrilun 2023, suka kori ma'aikata, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan samfuran cututtukan da ke ajiye a ciki.