Fada Luka Pacholi: Firist Mai Littafin Lissafi

Duk mai shago a Ƙofar Kaura da ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har ma ma'ajinmu da ke ƙirga baikon Lahadi, suna cin moriyar wani firist na ƙasar Italiya, wato Luka Pacholi.

An haife shi a garin Sansefolkoro wajen shekara ta 1447. Yana saurayi ya tafi birnin Banis, inda ya koyar da 'ya'yan wani attajiri, ya kuma ga yadda fatake ke tsare littattafansu. Daga baya ya shiga ƙungiyar Waliyyi Faransis na Asisi.

Abin mamaki a nan shi ne, dokar da Faransis ya kafa a 1223 ta hana 'yan ƙungiyar karɓar kuɗi sam. To amma ƙungiya ta yawaita, ga gine-gine, ga marasa lafiya, ga masu kawo sadaka. Saboda haka a 1230 Paparoma Giregori na 9 ya yarda wani amintacce daga waje ya riƙa ajiye musu kuɗin. A 1283 Paparoma Martin na 4 ya ƙarfafa tsarin waɗannan wakilai. Mai cin amfanin dukiya daban, mai riƙe ta daban. Mu a ganinmu hikimar ke nan.

Cikin wannan gida ne Pacholi ya wallafa babban littafinsa na lissafi a Banis, a 1494. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, ta fatake ce, amma shi ya fara buga bayaninta filla-filla. A fara da ƙidaya dukan abin da aka mallaka. Kowace ma'amala a shigar da ita sau biyu, ɓangaren mai karɓa da ɓangaren mai bayarwa, sa'an nan a haɗa jimla. In ɓangarorin ba su daidaita ba, akwai kuskure, sai a bi sawu.

Ba za mu ɓoye ba, zamansa da 'yan'uwansa bai rasa tsami ba, musamman bayan da Paparoma Yuliyus na 2 ya ba shi izinin mallakar dukiya ta kansa. Ya rasu a 1517.

A 1586 Anjelo Piyetira, ɗan ƙungiyar Waliyyi Benedik, ya daidaita wannan dabara da bukatun gidajen sufaye. Dokar Ikilisiya ta 1983 kuwa ta wajabta wa kowace ƙungiya ta naɗa ma'aji wanda ba shi ne babban shugaba ba, ya kuma riƙa ba da lissafi a kan lokaci.