Alan Turing (1912–1954): Gwanin Lissafin da Aka Rufe wa Ƙofar Aiki

Duk wanda ya yi karatu a Manchester ya ci karo da sunan nan. Akwai titin Alan Turing Way kusa da filin ƙwallon Manchester City, ginin sashen lissafi na jami'a sunansa ne a jiki, ga kuma mutum-mutuminsa zaune bisa benci a lambun Sackville. Tun Yunin 2021 hotonsa ne a takardar fam 50. Sai dai da yawanmu ba mu san cewa ƙasar da ke karrama shi yau ita ce ta hana shi aikin da ya fi kowa iyawa ba, tun yana da rai.

An haife shi a Landan ranar 23 ga Yuni, 1912. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne a Indiya, don haka a hannun masu riƙo ya tashi a Ingila. Ranar da zai fara makarantar Sherborne a 1926 ta dace da yajin aikin gama-gari, babu jirgin ƙasa, sai yaron ya hau keke daga Southampton ya yi tafiyar kusan kilomita 100. A 1931 ya shiga King's College a Cambridge, kuma yana ɗan shekara 22 kwalejin ta zaɓe shi cikin malamanta masu bincike.

A 1936 ya rubuta maƙalar da ta zama tushen ilimin kwamfuta. Ya siffanta wata na'ura ta tunani, mai karanta alama ɗaya a kan dogon zare, ta goge ko ta rubuta, ta matsa hagu ko dama bisa ƙa'ida. Ya nuna cewa na'ura guda za ta iya yin aikin kowace irin wannan na'ura in dai an ba ta umarninta a rubuce, wato abin da muke kira manhaja yanzu. Ya kuma tabbatar da cewa akwai tambayoyin da babu na'urar da za ta iya warwarewa. Daga nan ya tafi Princeton a Amurka, ya kammala digirin digirgir a 1938 a ƙarƙashin Alonzo Church.

Da yaƙi ya ɓarke a Satumbar 1939, ya koma Bletchley Park, inda ake warware saƙonnin sirrin Jamus na na'urar Enigma. Ya ɗora a kan aikin masana lissafin Foland, shi da Gordon Welchman suka tsara na'urar Bombe mai lalubo saitin da Jamusawa suka yi amfani da shi a kowace rana. Shi ya fara jagorantar sashen da ke karanta saƙonnin sojan ruwa, a lokacin da jiragen ƙarƙashin teku ke nutsar da jiragen da ke kawo wa Birtaniya abinci da makamai. An ba shi lambar OBE, amma rantsuwar sirri ta hana a faɗi dalili. Bayan yaƙi ya zana kwamfutar ACE, sannan a 1948 ya zo Jami'ar Manchester wajen Max Newman.

A 1950 ya kawo gwajin da ake kira da sunansa. Mai tambaya yana zaune a ɗaki, yana aika tambayoyi a rubuce, amsoshi suna dawo masa a rubuce, bai ga fuska ba, bai ji murya ba. Da amsar kaɗai zai yi hukunci ko mutum ne ko na'ura. To shekara biyu bayan haka sai aka yi wa shi kansa hukunci da abin da ba ya cikin aikinsa.

A Janairun 1952 ɓarawo ya shiga gidansa a Wilmslow. Ya kai ƙara, kuma a wajen bincike ya gaya wa 'yan sanda da bakinsa cewa yana da alaƙa da wani saurayi. A lokacin hulɗar jinsi tsakanin maza laifi ce a ƙarƙashin dokar 1885, wadda aka ɗaure marubuci Oscar Wilde da ita a 1895. A ƙarshen Maris kotu a Knutsford ta same shi da laifi. Aka ba shi zaɓi: kurkuku, ko shekara guda ana yi masa allurar sinadarin mata don kashe sha'awa. Ya zaɓi allurar, ta kuma canza masa jiki.

A nan ne maganar aiki ta shigo, kuma masu ɗaukar aikin biyu ba su yi abu ɗaya ba. Newman ya tsaya a kotu ya ba da shaidar halinsa, jami'a ta riƙe shi, har ta ƙara masa matsayi a 1953, ya ci gaba da bincikensa kan yadda zane ke fitowa a jikin dabbobi da tsirrai. Gwamnati kuwa ta janye masa takardar amincewar tsaro, hukumar GCHQ ta daina ba shi aikin warware sirri. Hujjarsu ita ce abokan gaba za su iya yi wa irinsa barazanar tonon asiri su karɓi bayanai, musamman da yake Guy Burgess da Donald Maclean sun gudu Tarayyar Sobiyat a 1951. Amma fa ku duba: mutumin da ya faɗi gaskiyarsa a gaban 'yan sanda da alƙali, wane asiri ya rage a tona masa? Ai dokar ce da kanta ta ƙirƙiro abin barazanar.

Ya rasu ranar 7 ga Yuni, 1954, yana da shekara 41, da gubar sayanayid a jikinsa. Binciken hukuma ya ce kashe kansa ya yi, mahaifiyarsa kuwa ta tsaya a kan cewa haɗari ne daga gwaje-gwajen da yake yi a gida.

Gyara ya zo a makare. An sassauta dokar a Ingila da Wales a 1967, amma sai 1991 aka ɗage haramcin ɗaukar masu neman jinsi ɗaya a hukumomin leƙen asirin ƙasar. Kusan shekara arba'in ke nan ana juya masana baya tun daga bakin ƙofa. Firaminista Gordon Brown ya nemi afuwa a 2009, Sarauniya ta yi masa gafara a Disambar 2013. Ita kuwa lambar yabo mafi girma a ilimin kwamfuta, tun 1966 sunansa take ɗauke da shi.

Na san kowannenmu yana da matsayinsa na addini a kan wannan al'amari, kuma ba fatawa na zo yi ba. Maganata ta ɗaukar aiki ce. Mu da muka jira takardar ATAS kafin a ba mu biza, muke kuma aika takardun neman aiki da suna irin namu a sama, mun san fargabar a auna mutum da wani abu da ba ƙwarewarsa ba. Dokar daidaito ta 2010 da ta hana kamfani ƙin ɗaukarka saboda addininka ko launin fatarka, ita ce dai ta hana a ƙi wani saboda jinsin da yake nema. Nan gaba kaɗan wasunmu za su zauna a kujerar masu tantancewa. In ranar ta zo, mu tuna cewa Manchester ta duba aikin Turing ta riƙe shi, gwamnati ta duba abin da ba aikin ba ta sallame shi.