Hajiya Gambo Sawaba: Macen Da Ta Ƙi Yin Shiru

A zamanin mulkin En'e abin kunya ne ƙwarai a ji muryar mace a bainar jama'a. Tun tana ƙarama ake horonta da sunkuyar da kai idan manya suna magana, in kuwa ta yi aure ta shiga kulle, sai ra'ayinta ya tsaya a tsakar gida. Wadda duk ta kuskura ta hau teburin lacca, nan take za a laƙaba mata sunan karuwa, dangi su guje ta, manema su janye. Wannan shi ne shingen da marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta tsallake.

An haife ta a shekara ta 1933, sunanta na yanka Hajaratu, amma aka fi kiranta Gambo saboda ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, ma'aikacin reluwe, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. A Zariya ta tashi. Iyayenta sun rasu tana yarinya, karatunta ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana da shekara 13.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano cikin 1950, sai ta shiga reshenta na Zariya, ba da jimawa ba ta zama shugabar mata. A lokacin da maza da yawa ke ɓoye katinsu don tsoron 'yan doka, ita tana hawa teburi tana sukar auren wuri, da aikin tilas, da harajin zalunci, da hana 'ya'ya mata ilmi. Daga kirarin jam'iyyar ta samo sunan Sawaba. Ta kuma je Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda ake haɗa kan mata.

Ta lura cewa matan kulle ba za su iya zuwa wurin lacca ba, saboda haka da ta je Kano sai ta riƙa binsu gida gida tana yi musu bayani. Wannan ya harzuƙa mahukunta. Aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga birnin. An ƙiyasta cewa sau 16 tana shiga kurkuku. 'Yan banga sun sha dukanta, aurenta ya mutu ba sau ɗaya ba, amma abin da ya fi ciwo shi ne ɓata suna, domin da shi ake tsoratar da sauran mata su kama bakinsu.

Babbar bukatarta ita ce a bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa suna gida. Sai a 1976 aka ba su wannan dama, suka kuma fito a babban zaɓen 1979. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP.

Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoba na 2001. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta, a garin da aka taɓa nuna ta da baki don kawai ta faɗi ra'ayinta. Allah ya jiƙanta, amin.