Dugu Qieluo: Sarauniyar Sin Mai Tushe a Ƙabilu Biyu

An haifi Dugu Qieluo a shekarar 544, lokacin da ƙasar Sin ke rarrabe tsakanin dauloli masu gaba da juna. Mahaifinta, Dugu Xin, babban kwamandan yaƙi ne ɗan ƙabilar Xianbei, waɗanda asalinsu makiyaya ne daga arewa. Mahaifiyarta kuwa ’yar ƙabilar Han ce, daga gidan Cui mai daɗaɗɗiyar daraja. Da irin wannan auratayya masu takobi da masu alƙalami suke ƙulla amana a wancan zamani.

Tana da kimanin shekara 14 aka aurar da ita ga Yang Jian. A shekarar 557 rikicin fada ya ci mahaifinta, aka tilasta masa kashe kansa, amma zumuncin da ya ƙulla ta hanyar ’ya’yansa mata bai bi shi kabari ba.

Yang Jian ya kafa daular Sui a 581, ya kuma haɗe ƙasar Sin a 589. Sarauniya Dugu ta zama abokiyar shawararsa a harkokin mulki. Ita ce ta matsa masa ya tuɓe Yarima mai jiran gado, Yang Yong, a shekarar 600, ya naɗa ƙanensa Yang Guang, wanda daular ta rushe a hannunsa.

Ta rasu a 602. A 618 mulki ya koma hannun Li Yuan, wanda ya kafa daular Tang. Ɗan yayarta ne.