Babe Zaharias: Matar da aka raɗa wa gasa sunanta tun tana raye

A watan Afrilun 1953 aka buɗe wata sabuwar gasar golf ta mata, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, a garin Beaumont na jihar Texas ta Amurka. An raɗa mata suna Babe Zaharias Open domin karrama 'yar garin, kuma ita ce ta lashe ta a karon farko. Bayan 'yan kwanaki likitoci suka gano tana ɗauke da sankarar hanji.

An haifi Mildred Didrikson ranar 26 ga Yunin 1911 a Port Arthur, iyayenta baƙi ne daga ƙasar Norway, ta kuma tashi a Beaumont cikin gidan masu ƙaramin ƙarfi. Ba da golf ta fara suna ba. A gasar Olympics ta Los Angeles a 1932 an taƙaita wa mata wasanni uku kacal. Ta ci zinare a jifan mashi da tseren tsallake shinge na mita 80, sai azurfa a tsallen sama, bayan alƙalai sun ƙi amincewa da yadda kanta ke riga jikinta haye sanda.

Sai dai lambar yabo ba ta cika tukunya. Ta koma golf, ta ci kofin mata na Texas a 1935, nan take hukumar wasan ta Amurka ta hana ta shiga gasannin masu wasa don sha'awa, bisa hujjar cewa ta taɓa karɓar kuɗi a harkar wasanni. A wancan zamani gasannin mata masu ba da kuɗi ba su taka kara sun karya ba, don haka hukuncin ya yi kusa da korar ta daga fagen baki ɗaya. A 1938 ta shiga gasar maza ta Los Angeles Open, inda ta haɗu da ɗan kokawa George Zaharias, suka yi aure a shekarar. Da aka ɗage mata takunkumin ta ci kofin Amurka a 1946, sannan na Birtaniya a 1947, Ba'amurkiya ta farko da ta yi hakan.

Babban aikinta ya zo a 1950, lokacin da ita da mata goma sha biyu suka kafa ƙungiyar LPGA. Su ne 'yan wasa, su ne masu neman masu ɗaukar nauyi, suna bin garuruwa da motocinsu. Sunan Babe ne ke jawo 'yan kallo, kuma ta san haka. Wasu abokan wasanta sun sha jin zafin yadda take cika baki, amma kuɗin da ke shigowa ta dalilinta kowa na ci.

Tiyatar 1953 ta bar ta da jakar bahaya maƙale a ciki, ta kuma hana ta buga gasar US Women's Open ta shekarar, wadda ta riga ta lashe a 1948 da 1950. A Yulin 1954 ta dawo gasar a Salem Country Club da ke jihar Massachusetts, ta buga ramuka 36 a rana ta ƙarshe, ta yi nasara da ratar bugu 12 a kan Betty Hicks. A zamanin da mutane ke ɓoye wannan cuta, ita ta fito fili ta yi maganarta, ta kafa asusun yaƙi da ita tare da mijinta.

Cutar ta dawo a 1955. Ta rasu a Galveston ranar 27 ga Satumban 1956, tana da shekara 45, da kofunan LPGA 41, goma daga cikinsu na manyan gasanni. An binne ta a Beaumont, inda aka ci gaba da buga gasar da ke ɗauke da sunanta duk shekara har zuwa 1967.