Langdell: Ɗan manomin da ya sauya karatun lauya a Amurka

An haifi Christopher Langdell a shekarar 1826 a jihar New Hampshire ta Amurka, a gidan manomi mai ƙaramin ƙarfi. Rashin kuɗi ya sa ya bar karatun digirinsa na farko a Jami'ar Harvard, amma daga baya ya koma ya karanci lauya.

A 1870 ya zama shugaban tsangayar koyon aikin lauya ta jami'ar. A lokacin, ɗalibi kan samu digiri bayan wata 18 yana sauraren lacca, babu jarrabawa.

Langdell ya kawo jarrabawa, aka mayar da karatun shekara 2, daga baya 3. Maimakon haddar littafi, sai ya riƙa ba ɗalibai hukunce-hukuncen kotu su nazarta, sannan ya titsiye su da tambayoyi a aji.

Da yawa suka ƙaurace wa ajinsa, amma shugaban jami'ar, Charles Eliot, ya tsaya masa tsayin daka.

Ya sauka daga muƙamin a 1895, ganinsa ya yi rauni, ya kuma rasu a 1906. Har yau tsarinsa ake bi a yawancin makarantun lauya na Amurka.