James Parkinson: Likitan unguwa da ya karanci cutar karkarwa a titunan Landan

A ranar 11 ga Afrilun kowace shekara, duniya na tunawa da masu fama da cutar Parkinson, wadda ke sa hannu karkarwa, gaɓoɓi su sandare, tafiya ta yi nauyi. An zaɓi wannan rana ce domin a cikinta aka haifi James Parkinson, likitan da ya fara siffanta cutar dalla-dalla, alhali bai taɓa ganin abin da take lalatawa a cikin ƙwaƙwalwa ba.

An haife shi a 1755 a unguwar Hoxton da ke gabashin Landan. Mahaifinsa likita ne mai haɗa magunguna da yin tiyata, kuma a hannunsa ya koyi sana'ar, ya gaje shi a 1784. A wannan unguwa ya yi rayuwarsa, yana duba talakawa da masu taɓin hankali.

Bai tsaya ga likitanci kaɗai ba. A shekarun da juyin juya halin Faransa ya girgiza Turai, ya riƙa wallafa ƙasidu da sunan aro yana neman a bai wa talaka 'yancin zaɓe. A 1794 aka kira shi gaban majalisar sarki, inda Firaminista William Pitt yake cikin masu yi masa tambayoyi kan zargin makircin kashe Sarki George na Uku da kibiya mai dafi. Ba a tuhume shi da laifi ba. Daga baya ya karkata ga nazarin burbushin halittun da suka daskare cikin duwatsu, ya wallafa littafi mai juzu'i uku a kansu tsakanin 1804 da 1811, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana duwatsu ta Landan a 1807.

Yana da shekara 62, a 1817, ya fitar da ɗan littafin da ya dawwamar da sunansa. Mutum shida kacal ya gina bayaninsa a kansu, uku daga ciki ma a kan titi ya gamu da su. Ya lura cewa cutar kan faro a hankali, sau da yawa a hannu ɗaya, har mai ita ya kasa tuna ranar da ta soma. Da shekaru suka ja, sai rubutu ya gagara, jiki ya ranƙwafa gaba, taku ya gajarce ya ƙara sauri kamar mutum na gudun faɗuwa. Ya yi hasashen cewa tushen cutar yana can saman lakar ƙashin baya, amma ya fayyace cewa hasashe ne, ya roƙi masana sassan jiki su bincika. Ya rasu ranar 21 ga Disamba 1824 bayan shanyewar ɓarin jiki, kafin a amsa kiransa. Sai bayan kimanin rabin ƙarni likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya raɗa wa cutar sunansa.

Amsar ta zo ne daki-daki. A 1919, Konstantin Tretiakoff, ɗan Rasha mai nazari a Faris, ya nuna cewa wani ɗan yanki a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda sunansa na Latin ke nufin baƙin abu, yakan koɗe a masu cutar. A ƙarshen shekarun 1950 Arvid Carlsson na Suwidin ya tabbatar da cewa sinadarin dofamin ɗan aike ne tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi. A 1960 kuma Oleh Hornykiewicz da abokin aikinsa a Biyana suka gano ƙarancinsa a ƙwaƙwalen waɗanda cutar ta kama. Wannan ne ya buɗe hanyar maganin lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke juya shi ya zama dofamin.

Baƙin launin da dofamin ɗin tushensu ɗaya. Ƙwayoyin yankin su ne ke samar da dofamin, kuma rararsa ce ke rikiɗa ta zama wani nau'in melanin da ke taruwa a cikinsu yayin da shekaru ke ƙaruwa. Ya sha bamban da melanin na fata, shi ya sa ko zabiya yana da shi a ƙwaƙwalwarsa. Yana ɗaure ƙarfe da wasu abubuwa masu cutarwa, ya kare ƙwayar. Amma idan ta mutu ya zube waje, yakan tayar da kumburin da ke iya illata maƙwabtanta. Koɗewar da Tretiakoff ya gani alama ce ta mutuwar ƙwayoyin, kuma kafin alamun cutar su bayyana a jiki, da yawansu sun riga sun salwanta.

Har yau lebodofa sassauta alamun yake yi, bai hana ƙwayoyin mutuwa ba. Amma abin da Parkinson ya fara yi yana nan da amfaninsa ga kowane gida mai dattijo: bai ɗauki karkarwar hannu da jan ƙafa a matsayin tsufa kawai ba, ya gane cuta ce da ke buƙatar likita.